Ƙayar Kardo a Hannun Nabor

Ranar Talata, rana ta ɗan karkata, Nabor ya turo ƙyauren gidan yayarsa Fidela da kafaɗa, ya shigo yana tallabe da hannunsa na dama. Ita kuwa tana durƙushe gaban dutsen niƙa tana markaɗa masara.

"Yaya, taimaka ki cire mini ƙaya."

"Ina Ofelia? Ko matar taka cin nama kaɗai ta iya?"

"Idonta bai kai naki ba."

Fidela ta wanke hannu, ta ɗauko allura da hantsaki, ta jawo shi bakin ƙofa wajen haske. Da ta buɗe tafin hannun sai da ta ja tsaki. Ƙayoyi ne fiye da talatin, daga yatsu har gwiwar hannu, dogaye, rawaye, wasu sun karye a cikin nama. Ba sai an gaya mata ko ƙayar mece ce ba. Shekara arba'in da ɗoriya tana cire irinta daga yatsunta.

Duk garin Santa Rita an san Fidela da kardo. Ba ƙaramin kardon nan na bakin gona ba, wanda ko akuya ta raina. Na can sama, inda itatuwan okote suke ƙarewa, sai ciyawa mai kaifi da duwatsu da iskar da ke tsaga leɓe. A nan yake fitowa, tsayinsa ya kai ƙirjin namiji, kowane ganye da ƙaya a bakinsa, furensa ja, girman dunƙulen hannu, kullum kansa a sunkuye cikin farin gashi mai kama da auduga. Shi Fidela take yankowa ta shanya, ta dafa wa masu tari da ciwon ƙirji. Sana'ar uwarsu ce, ita ta gada. Da ita ta riƙe kanta tun da mijinta ya rasu, da ita kuma ta ciyar da wannan Nabor ɗin tun yana ɗan shekara bakwai, lokacin da uwar ta bar musu duniya.

"Me ya kai ka sama?" in ji ta.

"Wace sama? Maraƙi ne ya kufce, na bi shi bakin rafi, na zame."

"Bakin rafi."

"Bakin rafi mana."

Ta shiga zaro ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a wani ɗan kasko. Ta lura bakin wasunsu ya yi baƙi, ta lura hannun rigarsa ya babbake ta gefe. Ta ce a ranta ko wajen shan taba ne, don Nabor ya iya sakaci.

Jiya-jiyan nan ita ma ta hau. Ta je Kwarin Tsuntsaye, wurin da kardo ya fi yawa a duk wannan gefen dutsen, ta tarar furanni sun kusa kaiwa, ta ce bari ta ƙara musu kwana bakwai. Ta zauna gindin wani dutse ta hura 'yar wuta ta ɗumama tortiyarta, wato wainar masara, ta ci da gishiri da barkono. Da za ta tashi ta kwarara wa wutar ruwan gorarta, ta tura ƙasa a kai, ta tattake, ta sa tafin hannu ta ji ya yi sanyi, sannan ta kama jakinta suka gangaro.

Tana kan ƙaya ta ashirin da wani abu ta ji ihu daga wajen coci, sai ga ƙararrawa ana buga ta ba ƙaƙƙautawa. Ta ɗaga kai. Can sama, daidai Kwarin Tsuntsaye, hayaƙi ne ya miƙe baƙi ƙirin, iska tana kwantar da shi gabas.

"Wayyo Allah! Nabor, dubi!"

Nabor bai waiwaya ba. Idonsa na kan hannunsa. "Ƙarasa cire mini, Yaya," ya ce a hankali.

Allurar ta tsaya a hannunta. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ƙarasa cirewa, ta wanke da ruwan gishiri, ta naɗe da tsumma. Ko sannu ba ta ce masa ba, shi ma bai ce na gode ba, ya fita.

Kwana biyu wutar tana ci. Duk namijin da ke iya ɗaukar adda da shebur ya hau, mata suna bin su da tulunan ruwa da kunun masara. Nabor bai hau ba, aka ce hannunsa ya kumbura. Wutar ta cinye ciyawa, ta gangaro ta lashe 'yan itatuwan okote da gari ya dasa shekara shida da suka wuce, ta zagaye garken Baba Panfilo da ke bayan tudu. Tsohon ya tsira da ransa da karensa. Tumakinsa goma sha huɗu suna cikin shinge, ba su fita ba.

Ranar Alhamis da safe Fidela ta hau ita kaɗai. Jakin ya ƙi wuce inda tokar ta fara, ta ɗaure shi ta ƙarasa da ƙafa. Da ta isa bakin kwarin ta tsaya. Babu komai. Inda ta bar ja da kore ranar Litinin, yanzu baƙaƙen karare ne tsaye, kana taɓawa su ruguje. Ta taɓa kan wani fure ya zube a tafinta. Ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki da suke shan ruwan furen, waɗanda aka sa wa kwarin suna saboda su, ko ɗaya ba ta gani ba. Kardo kuwa ba ciyawa ba ce da za a ce da ruwan farko ta dawo. Shekara guda yana kwance a ƙasa yana tara ganye kafin ya miƙe ya yi fure. Shi ya sa ba ta taɓa yanke fiye da ɗaya cikin uku ba, ko a shekarar da tari ya cika gari ana yi mata layi a ƙofar gida.

Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta gangaro da sauri kamar yarinya, jakin na bin ta da sassarfa.

Ta same shi a turken shanunsa yana zuba musu dusa da hannun hagu. Shanu goma sha biyu ne, ya saye su da abin da ya samo a shekarun da ya yi yana aikin gini a arewa. Tun da ya dawo ba shi da zance sai nasu. Sau biyu yana tashi a taron gari yana cewa a ƙone tsohuwar ciyawar sama don sabuwa ta tsiro, kardo yana yayyage wa shanunsa baki da hantsa, sau biyu ana ce masa a'a, gari ya hana saka wuta tun tuni.

"Kai ne," in ji Fidela.

"Yaya, rage murya."

"Ba zan rage ba! Kai ne ko ba kai ba ne?"

Ya duba hagu da dama, ya ajiye bokitin. "Ɗan gefe kaɗan na ce in ƙone. Na rantse da Allah ɗan gefe. Iska ce ta juya. Na yi ƙoƙarin kashewa, kin ga hannuna ai, cikin kardon naki na faɗi ina bugun wutar."

"Sai ka gudo ka bar ta."

"To in tsaya in ƙone?"

"Ka gudo ka zauna a ƙofata ina cire maka ƙaya! Ko ƙararrawa ba ka buga ba! Da ka yi ihu tun a hanya da an fitar da tumakin tsohon nan. Kana zaune kana ce mini maraƙi, bakin rafi. Ni ka mayar shashasha?"

"Tsoro na ji."

"Tsoro! Ƙaton banza, mai gemu, tsoro. To ranar Lahadi za a yi taro, ma'aikacin gandun daji zai zo. Ka tashi ka faɗa da bakinka."

"Ɗaure ni za su yi, Yaya. 'Ya'yana huɗu."

"Da ka ƙyasta ashana ba ka san su huɗu ba ne?"

Nabor ya shiga murza tsumman hannunsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Kin ji abin da ake faɗa a gari?"

"Me ake faɗa?"

"Melitona ta ce ta ga hayaƙinki ranar Litinin, daidai wurin. Wai wutarki ce ta kwana a ƙarƙashin ciyawa ta tashi washegari."

Melitona maƙwabciyar Fidela ce, katanga ɗaya ta raba su, mace mai baki kamar rediyo.

"To sai me? Ƙarya ce, kai ka fi kowa sani."

"Na sani. Amma ki duba, Yaya." Ya matso, ya sassauta murya kamar mai cinikin akuya. "Ke ba wanda zai ɗaure ki. Tsohuwa ce ke, kowa kin yi masa magani. Faɗa kawai za a yi miki, a ce tsautsayi ne, magana ta mutu. Ni kuwa in suka ji ni ne, na sha faɗa a taro, za su ce da gangan. Ki yi shiru kawai. Ban ce ki ce ke ce ba. Shiru kawai."

Fidela ta ja da baya. Ta duba kusa, ba abin da hannunta ya kai gare shi sai bokitin dusa. Ta ɗauka ta watsa masa a fuska, ta jefar da bokitin ya bugi turke, shanu suka firgita.

"Allah ya isa tsakanina da kai, Nabor. Ni na goya ka. Bayan nan nawa ka yi wa fitsari. Ina ba ka zuwa Lahadi."

Da ta koma gida ta ga ɗan kaskon nan a kan taga, ƙayoyin suna ciki yadda ta bar su. Har ta ɗauka za ta zubar a murhu, sai ta fasa. Ta juye su a ƙyalle ta ƙulle, ta soke a lalitarta.

Juma'a da Asabar ba wanda ya leƙo gidanta neman magani. A wajen famfo mata suka yi tsit da ta iso, aka matsa mata ta ɗebi ruwa ba layi, abin da ba a taɓa yi ba. Ta so a ce wata ta yi magana ta samu wadda za ta wanke tas, amma duk suka sunkuyar da kai. Duk da haka a ranta tana cewa zai tashi. Yaron da ta raina ne, ya iya wauta amma ba zai kai nan ba.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci aka taru a rumfar gari. Don Silverio mai gari yana zaune a teburi, kusa da shi ma'aikacin gandun daji, wani siriri mai tabarau da littafi a gabansa. Baba Panfilo yana benci na gaba, hularsa a gwiwa, gashin girarsa duk ya babbake. Nabor yana can gefe tare da Ofelia, hannunsa cikin bargo.

Don Silverio ya ce duk wanda ya san wani abu ya faɗa. Kafin ya rufe baki Melitona ta miƙe.

"Ni dai ba na son in yi magana, kowa ya san ni. Amma abin da ido ya gani ya gani. Ranar Litinin ina shanya na ɗaga kai na ga hayaƙi siriri a Kwarin Tsuntsaye. Da yamma kuma ga Fidela ta gangaro da jakinta. Iyakar abin da na sani ke nan."

"Goggo Fidela, kin hura wuta?" in ji Don Silverio.

"Na hura. Na kuma kashe. Da ruwa da ƙasa, na sa hannu na taɓa."

Ma'aikacin ya gyara tabarau ya ce, "Iya, irin ciyawar nan wuta takan ɓuya a saiwarta kwana guda, har biyu. Mun sha gani. Masu tsinkar ganyen magani su ne suka fi ba mu wahala a dutsen nan."

"Shekararka nawa, ɗana?"

"Talatin da ɗaya."

"Tun ba a haife ka ba nake hura wuta a wurin nan. Ka taɓa jin ya ƙone?"

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, Don Silverio ya buga teburi. Aka shiga ce-ce-ku-ce. Wani ya ce tsufa ba ya sallama, mutum sai ya ɗauka ya kashe alhali bai kashe ba. Wanda ya faɗi haka, bara Fidela ta kwana uku tana dafa wa 'yarsa kardo har numfashinta ya dawo. Wata ta ce ai dama ta ɗauki dutsen kamar gonar ubanta. Fidela tana tsaye tana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya, duk wanda idonsu ya haɗu sai ya kau da kai. Ta duba wajen Nabor. Yana kallon takalminsa.

Daga ƙarshe Don Silverio ya yi gyaran murya ya ce ga abin da yake gani. Ba za a bari a tafi da ita birni ba, ma'aikaci ya yarda. Amma daga yau ba ita ba hawa dutse, ba ita ba yankan kardo. Jakinta kuma a ba Baba Panfilo ya rage asara. In akwai mai magana ya yi kafin a ɗaga hannu.

Sai Nabor ya miƙe.

Fidela ta ɗaga kai ta dube shi. Ta ce a ranta, to, Allah na gode, ga shi nan.

"Jama'a," in ji Nabor, "ni dai roƙo zan yi. Yayata ce, ita ce uwata. Ba da gangan ta yi ba. Shekaru sun ja, kwanan nan mantuwa ta yi mata yawa, mu na gida mun sani. A bar mata jakin, ni zan ba Baba Panfilo maraƙi ɗaya a madadinta."

Rumfa ta ɗauki sowa. "Allah ya yi maka albarka!" "Ka ga ɗan halak!" Har Melitona tana share ido da gefen mayafi.

Fidela ba ta san lokacin da ta keta mutane ba. Ta ture benci, ta taka ƙafar wani, ta isa gabansa ta fizge bargon, ta cafke wuyan hannunsa ta ɗaga sama. Ya yi ƙara, ya so ƙwacewa, amma hannun da ya shekara arba'in yana niƙa da yanka ba ya sakin abu da wuri. Ta warware tsumman da haƙori.

"Mantuwa ko? Ni ce mai mantuwa? To ku zo ku ga abin da ban manta ba!"

Hannun ya kumbura suntum, duk ɗigo-ɗigon rami, wasu sun fara ruwa. A gefen tafin kuma ga ƙuna ta tashi.

"Sake shi, mayya!" Ofelia ta yi kanta, wasu mata suka riƙe ta.

Fidela ta zaro ƙullin ƙyallen nan da hannu ɗaya ta jefa kan teburi. "Don Silverio, kwance. Baba Panfilo, taso ka duba, kai ka san dutsen nan. Ranar Talata, kafin a buga ƙararrawa, na cire waɗannan daga hannun nan. Ya ce mini a bakin rafi ya faɗi. Ka gaya musu ko wannan ƙayar tana fitowa a bakin rafi."

Tsohon ya taso a hankali, ya ɗauki ƙaya ɗaya ya kai kusa da ido, ya juya ta, ya shinshina.

"Ta sama ce," ya ce. "Ta kwari. Kuma wuta ta taɓa ta." Ya juya ya dubi Nabor. "Ashe kai ne na hango kana gangarowa a guje ta bayan tudu. Na ɗauka gudun kiran mutane kake yi. Ka wuce garkena, ɗana, taku nawa ne? Da ka buɗe musu ƙofa kawai."

Nabor ya fizge hannunsa. Fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi. "Eh, ni ne! Ni ne! Sai me? Sau nawa na ce muku a ƙone? Shanuna suna ramewa saboda wata ƙayar banza da tsohuwa take dafa wa mutane!" Ya juya kan Fidela. "Ke kuma kin huta. Kin sayar da jininki a gaban gari saboda ciyawa."

"Saboda ciyawa?" Muryarta ta cika rumfar. "Kwana uku na ba ka! Na tsaya nan ana yanka ni ina jiranka. Da shiru ka yi ma, wataƙila da na haɗiye, don ni wawiya ce a kanka tun kana majina. Amma ka tashi ka saye sunan kirki da sunana? Ka ce hankalina ya tafi, a tafa maka? Har da maraƙi!" Ta juya ga jama'a. "Ku kuma, munafukai, ku tafa mana! Ina masu albarka? Kai Eusebio, da ka ce tsufa ba ya sallama, lokacin da 'yarka take shaƙewa tsufan nawa bai dame ka ba. Melitona, share hawayen mana, ko ya ƙafe?"

Ma'aikacin ya rubuta wani abu a littafinsa, ya soke, ya sake rubutawa.

Ba a ɗaure Nabor ba. Gari ya roƙa a bar maganar a gida, bayan doguwar jayayya ma'aikacin ya yarda da sharaɗi. Aka yanke ya ba Baba Panfilo shanu uku, ya sayar da sauran ko ya tsare su a turke, kuma duk itacen okote da ya ƙone shi zai dasa madadinsa ya yi ta ba shi ruwa har ya kama. Da aka gama Don Silverio ya ce, "Goggo Fidela, maganarki ta wuce, kina iya tafiya da jakinki." Iyakar abin da ya ce ke nan.

"Ina iya tafiya da jakina," in ji ta. "Na gode da ka ba ni abina." Ta tofar da yawu a gaban teburin ta fita.

Ta ɗauka in gaskiya ta fito zuciyarta za ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Ofelia ta hana 'ya'yanta shiga gidan, ta aiko aka dawo mata da tukunya da faifan da ta ara tun bara, aka ajiye a ƙofa ba sallama. A gari kuma zance ya juya. Waɗanda jiya suke cewa ita ta ƙone dutse, yau suna cewa ai ko me ya yi ƙaninta ne, mace mai tona asirin ɗan uwanta a rumfa abin tsoro ce. Cikin duk waɗanda suka buɗe baki a kanta, ko mutum ɗaya bai zo ya ce yi haƙuri ba. Baba Panfilo kaɗai ya biyo wata safiya ya ajiye mata curin cuku a kan taga ya wuce.

Kardo kuma sai ta zagaya can bayan dutse, ɓangaren mutanen wani gari, tafiyar da takan cinye mata yini guda zuwa da dawowa, ga gwiwa ba ta da lafiya. Abin da take samowa bai kai rabin na da ba, don can ma akwai masu yanka, ba ta kuma yarda ta shiga rabonsu.

Bayan sati uku, tana zaune tsakar gida tana kakkaɓe ƙaya daga 'yan furannin da ta samo, ta ji ana ƙwanƙwasa ƙyaure a hankali. Melitona ce, da kwano a hannu, tana murmushin da bai zauna ba.

"Maƙwabciya, sannu da aiki. Kin ji maigidan nawa kwana biyun nan ko? Tarin nan ya hana shi sakat. Na ce bari in zo wajen gwana."

Ta ji shi mana. Ta katanga take jin tarin, mai zurfi, irin wanda ba ta so.

"Wace gwana? Mai mantuwa? Ba kya tsoron in manta in ba shi guba?"

"Haba Fidela, abin da ya wuce ai ya wuce. Ni fa abin da na gani kawai na faɗa."

"Tsaya nan. Kada ƙafarki ta shigo mini gida."

Melitona ta tsaya a bakin ƙofa. Fidela ta zaɓi furanni uku mafi girma, ta haɗa da ɓawon lemo da ɗan ƙaron okote, ta ɗora tukunya. Ba ta ba ta kujera ba har ruwan ya tafasa ya yi duhu. Rana tana dukan Melitona, masu wucewa suna kallonta da kwano a hannu. Da ya dahu Fidela ta tace, ta zo ta karɓi kwanon ta cika, ta miƙa mata.

"Safe da yamma, da ɗumi, da zuma in kuna da ita. Kada ya sha ruwan sanyi. In ya kwana uku bai sassauta ba, ko kika ga jini, ki sa shi a mota zuwa asibiti, kada ki tsaya jirana."

"Allah ya saka. Nawa zan..."

"Riƙe abinki. Don shi na yi, shi bai ce komai a rumfa ba. Ke kuwa ranar da naki tarin ya zo, ki hau bayan dutse ki yanko da kanki."

"Fidela, shekara talatin muna maƙwabtaka..."

"Kwanon zai huce."

Melitona ta juya tana tafiya a hankali don kada ya zube. Fidela ta mayar da ƙyaure ta sa sakata, ta koma kan tabarmarta. Saura furanni tara, ga damina ta kusa, lokacin da tari yake kama yara. Ta lissafa a ranta gobe ma sai ta koma bayan dutse. Ta tashi ta jiƙa masarar guzuri, tana yi tana zagin gwiwarta.